Hannuna Ne a Kan Rasiɗin Dambun Nama

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin Jiragen Kaya na Shamuwa,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da suka rage maka a bakin aiki.

Mu nan Gaya, maigida yana nan da sauƙi, sai gwiwar nan da ta hana shi zuwa gona tun saukar ruwan fari. 'Yata Binta da ke aure a Kademi lafiyarta ƙalau, yaranta biyu sun yi zazzaɓi sun warke. Ƙanena na Toranke ya aiko cewa gero ya fara fitar da kai, amma matarsa tana fama da haƙori. Surukata Asabe tana da ciki wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura, abinci ba ya shiga. Ni jikina ba abin da ya same shi, in ban da faɗuwar gaba, ita kuwa tun ina budurwa nake tare da ita. Wanda ba shi da lafiya sosai shi ne babban ɗana, ko da yake babu inda ke masa ciwo. Yana zaune a zaure daga hantsi har la'asar. In jirgi ya gifta sai ya ɗaga kai, in ya ga ana kallonsa sai ya yi kamar ƙuda yake kora.

Sunana Hauwa'u, a unguwa Inna Kulu ake ce mini. Ni ce uwar ɗaya daga cikin matuƙa jirgi huɗu da kamfaninka ya kora a watan jiya bisa zargin cin kuɗin abincin tafiya. Ka yi mini uzuri in ban ambaci sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Shi ne na uku a jerin da kuka rubuta.

Na aiko maka da takarda sau biyu ta hannun direban motar da ke zuwa Kano daga nan. Ya rantse mini ya ba mai gadin ƙofarka. Ban ji komai ba. Shi ya sa na kai wannan ga jarida, don in ba ka gani ba wani zai gani ya gaya maka. Da hannuna na rubuta ta, ban je wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba. Kwana tara ta ci mini da fensir biyu. In ka ga kuskure, nawa ne. Za ka ga ma ba shi ne babban kuskurena ba.

Na farko: yadda aka yi na iya rubutu.

Dole in fara daga nan, domin da ban iya ba, da ɗana yana bakin aikinsa yau.

Na wuce shekara arba'in a duniya ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. In an kawo takarda, a kama babban yatsana a tsoma a tawada a dangwala, in koma in yi ta goge shi da toka. Ban taɓa jin haushin haka ba sai da yaron nan ya tafi Zariya koyon tuƙin jirgi. Yana aiko da wasiƙa, ni kuwa sai in jira wani ya karanta mini. Takarda cike gaba da baya, mai karatu ya yi ta motsa baki shi kaɗai, sannan ya ɗago ya ce, "Ya ce yana gaishe ki, lafiyarsa lau." Sauran fa? Ya ce sauran maganar maza ce. Ni kuwa a raina sauran shi ne inda aka ce jirgi ya kama da wuta.

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a cikin gidan Dagaci, ni na fara kai tabarmata. Malama Saude ce ta koyar da mu, kuma na tabbata saboda ni kaɗai Allah zai gafarta mata zunubanta. Jarrabawar farko na faɗi. Ta biyu na rubuta sunana daga ƙasan allo zuwa sama. A ta uku aka ba ni satifiket, na sa aka yi masa gilashi, na rataye shi a saman jeren kwanukana. Duk wadda ta shigo aron garwashi sai ta gan shi, ko tana so ko ba ta so.

Ranar da muka gama, Malama ta ce hannu yana mantuwa, don haka kowace mace ta sayi littafi ta riƙa rubuta abin da ta yi kullum, da kwanan wata daga kalanda. Sauran mata suka yi mako guda suka bari. Ni ban bari ba har yau. Littafi na shida nake ciki. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Na biyu: dambun nama.

Tun da ya kama aiki a kamfaninku nake cikin zullumi. An ce mini nama kuke kaiwa Ikko da Fatakwal, ku ɗauko injuna da magunguna. Na ce to in nama ne, me ya hana a kora shanun da ƙafa kamar yadda aka saba? Duk jirgin da ya bi ta saman Gaya, ko na wane ne, sai na bar abin da nake yi na fito tsakar gida na yi ta tofa masa addu'a har ya ɓace. Na ƙona tuwo a kan jiragen da ba su san da ni ba. Shekara bakwai ina roƙon Allah abu ɗaya a kowace salla: ya sauko mini da yaron nan ƙasa, ya ba shi aikin da ake yi a zaune.

Tun da ba ni da ikon riƙe jirgi a sama, sai na riƙe cikinsa. Ban yarda da abincin otal ba, ban san hannun da ya yanka ba. Duk zuwansa gida sai na yi masa guzurin dambun nama, langa ɗaya, da citta da kanumfari da masoro, na soya da man gyaɗar da na matse da kaina. Ashe ba shi kaɗai yake ci ba. Abokan aikinsa suka ɗanɗana. Har wani Bature, babban matuƙinku, ya ci yana hawaye saboda barkono, ya aiko mini da laima. Laimar tana nan, ban taɓa bari ruwa ya taɓa ta ba.

Daga nan labari ya kai ofishinku. Aka aiko cewa kamfani yana so ya riƙa sayen langa huɗu a wata don matuƙa, a ba ni naira goma. Ɗana bai so ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, da an bar shi. Ki ci gaba da yi mini ni kaɗai." Ba ma doguwar magana ni da shi. Bayan ya fita na aika Binta, da ta zo ganin gida, ta gaya masa cewa macen da gwamnati ta ba satifiket ba a hana ta ciniki da kamfani. Bai ƙara ta da maganar ba. Da ma shiru ne halinsa, a wurin ubansa ya gada, ba a wurina ba.

Na uku: ranar da akawunku ya zo.

Ranar wata Talata ce, bayan azahar. Mota ta tsaya a ƙofar gida, wani saurayi ya fito da kwat da takalmi sau-ciki, ya ce sunansa Malam Tanimu, akawu ne a sashen kuɗi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce mini Hajiya. Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Maigida yana gona a lokacin, ɗana kuma yana sama.

Ya fito da wani ɗan littafi mai shuɗin bango, ya ce rasiɗi ne, kamfani ba ya biyan kuɗi sai da shi. Sannan ya ciro kwalin tawada daga jakarsa ya buɗe, ya miƙo hannu zai kama yatsana.

Ranka ya daɗe, ban san ko akwai abin da ka taɓa jira shekara da shekaru ba. Ni wannan ranar nake jira. Na janye hannuna a hankali na ce masa ya mayar da tawadarsa, ya ba ni biro. Ya buɗe baki ya ce, "A'a! Hajiya ta yi boko?" Na nuna masa bango. Ya tashi ya karanta satifiket ɗin da ƙarfi, tun daga sama har hatimi. A nan hankalina ya tafi, bai dawo ba sai watan jiya.

Na sa hannu a shafin farko. Ya ɗaga ya duba, ya ce ko a ofis ba kowa ke da irin wannan hannu ba. Ni kuwa na ga wutsiyar harafin ƙarshe ta karkace, na ce ya ba ni wani shafi in gyara. Na biyu ya fi kyau. Sai ya ce ai da ma hanyar Gaya ba ta da daɗi da damina, in Hajiya ba ta gaji ba, da ta sa na watannin gaba gaba ɗaya, shi sai ya riƙa cike kuɗin a ofis, a huta da zirga-zirga. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: bai matsa mini ba. Da ya kai shafi na goma sha biyu ya ce ya isa na shekara, ni na ce a'a, yanzu hannuna ya fara zafi. Shafi hamsin ne a littafin. Na sa hannu a hamsin ɗin. Babu kuɗi a rubuce, babu kwanan wata, babu komai sai layi da sunana. Har na tambaye shi ko ya zo da wani littafin.

Maƙwabciyata Ya Falmata, Babarbariya ce, kakanninta suka zo garin nan da fatauci, tana zaune a gefe tana ɓarar gyaɗa. Bayan motar ta tafi ta ce, "Ke Kulu, ni ban yi makaranta ba, amma takarda fara ake sa wa hannu? Ko gona ce ai sai an nuna maka iyaka." Na ce mata baƙin ciki ke damunta, don ita har gobe sai an kama mata yatsa kamar akuyar da za a duba wa haƙori. Ta ce, "To, malama, Allah ya ba da sa'a." Yanzu kullum da safe sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, yau shafi nawa za a sa?" Ita ce kuma take kawo wa Asabe kunun tsamiya kowace rana, don shi kaɗai cikinta ke karɓa.

Kafin magariba ta ranar babu gidan da bai ji labari ba a unguwarmu. Na gaya wa mai kai mana ruwa, na gaya wa matar liman, na aika Toranke. Mutum ɗaya ne ban gaya wa ba, shi ne ɗana, don uwa ba ta zama ta yi wa ɗan fari hira. Duk Gaya ta sani ban da wanda abin zai faɗa wa a ka.

Na huɗu: abin da aka yi da hannuna.

Wata goma sha huɗu ina aika langa huɗu, direban kamfani yana kawo mini naira goma a ambulan. Ban ƙara ganin Malam Tanimu ba.

Watan jiya sai ga ɗana da matarsa Asabe da kayansu a bayan akori-kura. An karɓe gidan kamfani. Ya gaishe mu, ya ce aiki ya ƙare. Ubansa ya tambayi dalili, ya ce ƙaddara. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na shiga ɗaki na yi sujada ta godiya. Na ce addu'ar shekara bakwai ta karɓu. Har na dafa shinkafa.

Kwana goma sha ɗaya ina cikin wannan farin ciki, sai Asabe ta shigo ɗakina da rana ta sakaya ƙofa. Ta ciro takarda daga cikin zaninta, ta ce a aljihun rigarsa ta aiki ta same ta. Ita ta yi makaranta, tana jin Turanci. Ta ce, "Inna, ya hana ni faɗa, amma in na haihu da wannan a cikina ba zan tashi ba." Ta karanta, tana juya mini da Hausa.

Takardar kwamitinku ce. Ta ce odita, mai binciken kuɗinku, ya sami rasiɗi arba'in da ɗaya na abincin matuƙa, kowane da naira ɗari uku ko ɗari huɗu, jimla ta haura naira dubu goma sha huɗu. Ta ce mai sayar da abincin wata ce Hauwa'u ta Gaya, wadda bincike ya nuna uwar ɗaya daga cikin matuƙan ce. Ta ce matuƙa huɗu sun riƙa sa hannu cewa sun karɓi abinci, don haka a bayyane yake sun haɗa baki da dangi sun raba kuɗin. A ƙarshe ta ce an tambayi matuƙi na uku ko ya san hannun da ke kan rasiɗan, ya ƙi ba da amsa, kuma kwamiti ya ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi.

Ranka ya daɗe, ya san hannun. Shi ya fi kowa saninsa, don wasiƙar farko da na taɓa rubutawa a duniya shi na aika wa, kuma Asabe ta ce tana cikin jakarsa ta tafiya har yau. An ajiye masa takarda arba'in da ɗaya a gaba, ya ga sunan uwarsa a ƙarƙashin kuɗin da bai taɓa gani ba. Bai san yadda aka yi ba, tun da ban gaya masa ba. In ya ce hannunta ne, 'yan sanda za su zo Gaya su fito da ita gaban unguwa. In ya ce ba nata ba ne, ya yi ƙarya. Sai ya rufe bakinsa ya ba da aikinsa. Kwamitinku ya ga ɓarawo. Ba ɓarawo kuka gani ba, ɗan da yake jin kunyar uwarsa kuka gani. Da akwai mutumin ƙauye ko ɗaya a kwamitin, da ya gane.

Shinkafar nan da na dafa, har yau in na tuna ta sai in ji kamar tsakuwa na ci.

Na biyar: lissafi, yadda tsohuwa ta iya shi.

Na tafi wurin Sarkin Fawa, wanda a hannunsa nake sayen nama in ban aika kasuwar Ajingi ba. Na tambaye shi naira dubu goma sha huɗu shanu nawa ce. Ya lissafa da yatsu ya ce ta kai casa'in. Ya ce, "Inna, da kin sayi sa casa'in a wurina, da daga Makka zan amsa miki wannan tambaya." Ya ce zai faɗi haka a gaban kowa.

Turmina ɗaya ne, kuma ya tsage tun ana kashe fam da sule. Tukunyata ɗaya, murhuna ɗaya, hannuna biyu, na hagu ma ba ya ɗaguwa sosai. Ina so oditanka ya zo ya tsaya a tsakar gidana ya nuna mini inda na daka shanu casa'in. In kuwa matuƙa huɗu suka cinye su a wata goma sha huɗu, to ba korarsu ya kamata a yi ba, a tambayi yadda jirgin yake iya tashi da su.

Ga kuma littafina. Duk ranar da na sayi nama tana ciki, da kuɗinsa, da na citta da na mai. Duk ranar da direba ya zo tana ciki, da abin da ke cikin ambulan. Abin da na karɓa gaba ɗaya naira ɗari biyu ne: ɗari da arba'in na wata-wata, da sittin na wasu ayyuka biyu da zan faɗa. A shafin ranar Talatar nan kuma ga abin da na rubuta da manyan baƙaƙe, har na ja masa layi biyu a ƙasa: "Yau na sa hannu sau hamsin. Falmata ta ji haushi." Ban san akwai wata mace a ƙasar nan da ta taɓa rubuta wautarta da kanta ta ajiye da kwanan wata ba. Amma yau ita ce shaidata.

Ayyukan nan biyu, sau biyu aka aiko in yi langa goma sha biyu a tashi ɗaya. Na farko direba ya ce suna ake yi a gidan mataimakinka, har na ƙara da goro ashirin daga aljihuna na ce a kai wa mai jego. Na biyu ya ce bikin ƙanwar Malam Tanimu ne. Ban ce laifi ne mutum ya ci dambu ranar suna ba. Amma Asabe ta gwada ranakun da jerin da ke jikin takardarku, ta ga duka biyun suna ciki a matsayin abincin matuƙa. Jaririn da aka raɗa wa suna bai fara tuƙin jirgi ba tukuna, a iya sanina.

Ban ce Malam Tanimu ya ci kuɗin ba, ban gani da idona ba, kuma na gaji da yin abu ba tare da na gani ba. Abin da na sani shi ne littafin rasiɗi ya bar gidana a cikin jakarsa babu ko kwabo a rubuce. Na kuma ji yana nan a kujerarsa, kuma ya daina hawa motar ofis, tasa yake hawa. A tambaye shi. A tambayi wanda yake sa hannu a samansa kafin kuɗi ya fita, don na ji an ce a kamfani mutum ɗaya ba ya buɗe akwatin kuɗi.

Na shida, kuma gajere ne. Sauran ukun da kuka kora ban san su ba, sai dai na san ɗan Ilori ba ya son yaji da yawa, mutumin Yola kuma yana so a busar masa sosai. Takardar da suke sa wa hannu tana cewa ne sun karɓi langa, kuma sun karɓa, babu kuɗi a jikinta. Baturen da ya aiko mini da laima shi ma ya sa hannu a kan irinta, ya ci daga langar, amma ban ga sunansa a jerin ba. Ba ina roƙon a kore shi ba ne. Ina tambaya ne me ya wanke hannunsa bai wanke nasu ba. Su ma suna da uwaye, sai dai nasu uwayen sun fi ni hankali.

Yanzu ga roƙona.

A dakatar da aika sunayensu ofishin gwamnati mai ba da lasin tuƙi. Takardarku ta ce ƙarshen watan nan na Turawa za a aika, kuma an tabbatar mini in aka karɓe lasin bisa laifin sata, babu kamfanin da zai ƙara ɗaukarsu har su mutu.

A sake zaman kwamiti, a kira ni. A ajiye rasiɗan a tebur, a ajiye littafina, a kira Malam Tanimu ya rubuta lamba a gaban mutane, ni ma in rubuta, a ga hannun wa ya cike kuɗin. Sarkin Fawa zai zo, Malama Saude za ta zo. Ya Falmata ta ce ko ba a kira ta ba sai ta zo, wai ba za a yi wannan kallo babu ita ba.

In akwai hukuncin da doka ta tanada wa wanda ya sa hannu a takarda fara, ga ni. Maigida ya ce ƙarshenta gidan yari za a kai ni. Na riga na ɗaure zani biyu da buta da carbi, suna bayan ƙofa. Tsoro nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye ba, jiya ma motar masu allurar shanu ta tsaya a layinmu na shige rumbu. Amma gara a rufe ni da a bar sunan sata a kan wanda bai taɓa ɗaukar ƙwai a akurkin gidansu ba tare da ya tambaya ba.

Na ƙarshe shi ya fi mini wuya. A mayar da shi sama. Ni da na shekara bakwai ina roƙon a sauko da shi, yau ni ke roƙon a mayar da shi. Na ga yadda yake a ƙasa. Na fi so in ci gaba da ƙona tuwo ina bin jirage da addu'a, da in riƙa wuce shi a zaure yana korar ƙudan da babu.

Bai san na rubuta wannan ba. A jarida zai gani, kamar kowa. Tun da a gaban jama'a aka kira shi ɓarawo, bari ni ma in yi abin da ban taɓa yi ba a gaban jama'a, matan unguwa su yi ta dariya in sun so. Sunansa Usman. Ɗana ne. Bai ci kuɗinku ba.

Ina roƙon amsa kafin Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban, ta hannun Dagacin unguwarmu ko ta gidan waya na Gaya. A rubuto da Hausa, ni zan karanta da kaina. In Juma'ar ta wuce ban ji ba, ranar Asabar zan hau motar farko da littafina da Ya Falmata da turmin, mu zauna a ƙofar ofishinka har ka fito. Mai gadinka ya iya ɓatar da takarda, amma ban ga yadda zai yi da tsofaffi biyu da turmi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare jiragenka a tashi da sauka, ya raba ka da ma'aikacin da zai yabi hannunka yana miƙo maka takarda fara. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Wassalam.

Na karanta wannan takarda sau uku daga sama har ƙasa kafin in sa hannu, kuma sau ɗaya na sa.

Hauwa'u (Inna Kulu),
Gaya.